Wanda ake nema ma yana karanta abin da kuke rubutawa

'Yan'uwana matasa, musamman mu da waya ba ta barin hannunmu, ga wata magana.

Duk ranar da aka sa cigiyar wani, kafin a kwana biyu za ka ga an taso wa jami'an tsaro a Facebook da WhatsApp. Me ya sa suka yi gum? Wa suka kama? Su fito su gaya mana inda aka kwana! Wani ma ya riga ya yanke hukunci cewa an ba su na goro. Zafin da ke sa mu faɗin haka na gaskiya ne, don ɓatan mutum ya fi mutuwarsa azabtar da iyali. Amma kafin ka danna, ka tambayi kanka: bayanin da kake so a fito da shi, kai kaɗai ne za ka gani?

Ku tuna da Hanifa. Shekararta 5 lokacin da aka ɗauke ta a Kano a Disamban 2021, tana dawowa daga Islamiyya, aka nemi fansar naira miliyan 6. Da asiri ya tonu a Janairun 2022, ashe mai makarantar bokon da take zuwa ne, Abdulmalik Tanko, mutumin da ya taka har gidansu ya yi wa iyayenta jaje. A Yulin shekarar babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa. To ku kwatanta da a ce a waɗancan makonni jami'ai suna sanar da duniya kowane mataki: yau mun gano layin da ake kira da shi, gobe mun san unguwar da kiran ke fitowa. Wa zai fara jin labari? Shi, yana zaune cikin masu jaje yana girgiza kai. Ya cire layin ya karya, ya bar garin, ko ya ɓatar da abin da ya rage na shaida. Idan kuma wanda aka ɗauke yana da rai, mai garkuwar da ya ji an kusa cim masa ba a san abin da tsoro zai sa shi aikatawa ba.

Sau da yawa mai laifin ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko ɗan'uwa, ko mai aiki a gidan, kuma yana cikin zauren WhatsApp ɗin da kuke tura bayanan.

Akwai kuma abin da masu bincike ke ɓoyewa da gangan don su tace mai gaskiya daga maƙaryaci. Kalar ɗankwalin da aka tsinta, ko wata kalma da mai kiran ya furta, ko ainihin wurin da aka ga takalmi. Idan wani ya zo ya ce ya san abin da ya faru, sai a gwada shi da wannan. In ya faɗa daidai alhali ba a taɓa sanarwa ba, an samu bakin zare. In kuwa kowa ya riga ya karanta a intanet, shi ke nan, ma'aunin ya lalace. Kada ku ɗauka babu mai amsa laifin da bai yi ba. Da aka sace jaririn matuƙin jirgin nan Charles Lindbergh a Amurka a 1932, mutane fiye da 200 ne suka fito kowa yana cewa shi ne. A nan kuma namu salon daban ne: 'yan damfara ke kiran iyaye su ce yaron na hannunsu, a turo kuɗi. Iyayen ba su da abin gwada su sai sirrin da bai fita ba.

Haka shaida. Wanda ya ga mota da idonsa, in ya kwana uku yana karanta cewa fara ce, ranar da ya shiga kotu shi kansa ba zai iya rantsuwa kan abin da ya gani ba, kuma lauyan wanda ake ƙara abin da yake jira ke nan.

Sannan wanda ya ɓata yana da mutunci. A Ingila a 2023, da wata mata mai suna Nicola Bulley ta ɓata, surutun masu bincike na TikTok ya yi yawa, har 'yan sanda suka fito suka faɗi matsalolinta na lafiya da na shan giya. Suka sha suka a kan haka, daga baya aka tsinci gawarta a kogi, bincike ya nuna hatsari ne. Budurwar da ta bar gida saboda rikicin cikin gida za ta dawo wata rana, ta tarar da sirrinta a wayar kowa.

Ban ce kowane shiru hikima ba ne. Tun Agustan 2019 aka ɗauke Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'ar nan mai sukar gwamnati a intanet, a gidansa a Kaduna, shekaru suka shuɗe iyalinsa ba su samu gamsasshiyar amsa ba. Wannan dole a ci gaba da tambaya, da babbar murya. Tambayar "me kuke yi?" hakkinmu ce, kuma iyali sun fi kowa cancantar a riƙa sanar da su. Abin da ba namu ba shi ne "wa kuke zargi, ina kuka sa ido?"

Allah Ya zargi masu watsa labarin aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, a aya ta 83 ta Suratun Nisa'i, Ya ce da sun mayar da shi ga waɗanda za su iya tantance shi. Don haka ka yaɗa hoto da lambar da iyali ko hukuma suka fitar, ka tsaya nan. In ka ga wani abu, kai shi caji ofis ko ka kira iyalin a ɓoye. Kada ka sa hoton wani ka ce shi kake zargi, don ka san garinmu: kafin a tabbatar an tara masa jama'a da duwatsu. In an samu wanda ake nema, ka koma ka goge cigiyar, don akwai hotunan yaran da aka gani tun shekaru da suka wuce har yau suna yawo a waya.