Gajeren suna ga ɗa namiji: muna da su, me ya kai mu aro?

Yanzu da zarar an yi haihuwa, tun kafin a kai ga zancen rago da goro, sai ka ga saƙo a WhatsApp: "Don Allah a taimaka mana da gajeren suna na namiji mai daɗi." Nan take a fara zubo su, Aayan, Arman, Zayan da ire-irensu. Idan ka tambayi mai kawo sunan daga ina ya samo shi, sai ya ce a intanet ya gani.

Ni ina tare da masu son gajeren suna. Yaro yana saurin riƙe shi, yana saurin koyon rubuta shi, kuma ba ya bai wa mutane damar gutsure shi. Abin da ke damuna shi ne daɗin furuci ya zama shi kaɗai ake dubawa, alhali sunan nan da shi za a kira mutum daga ranar suna har ranar da za a yi masa salla.

Kuma wallahi ba mu rasa gajerun sunaye masu asali ba. Cikin Annabawa akwai Musa, Isa, Nuhu, Hudu, Adamu. Cikin Sahabbai akwai Ali, Umar, Anas, Bilal, Hamza, Sa'ad. Ga Zaidu ɗan Harisa, sahabi ɗaya tilo da Alƙur'ani ya ambaci sunansa ƙarara, a Suratul Ahzab aya ta 37. Duk wanda ka ɗauka, ranar da ɗanka ya ce "Baba, sunan wa aka sa mini?" kana da labarin da za ka zaunar da shi ka ba shi. Marigayi Sarkin Kano Ado Bayero ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014 da suna mai harafi uku, kuma ba wanda ya ce sunan ya yi wa rawani kaɗan.

Manzon Allah (SAW) da kansa bai ɗauki ma'anar suna da wasa ba. Bukhari ya ruwaito cewa kakan Sa'idu ɗan Musayyib ya zo wurinsa, Annabi ya tambaye shi sunansa, ya ce Haznu, wato mai tsauri. Annabi ya ce masa a'a, kai Sahlu ne, mai sauƙi. Mutumin ya ce ba zai canza sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsaurin bai bar gidansu ba. To yaya uba zai raɗa wa ɗansa abin da shi kansa bai san fassararsa ba?

Akwai kuma masu sa dogon suna mai kyau, sannan su datse shi ta inda bai dace ba. Hadisin Muslim ya ce sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. Amma sai ka ji ana ƙwala wa yaro kira "Rahman!" a tsakar gida, sunan da malamai suka ce na Allah ne shi kaɗai. Iyayenmu ba haka suka yi ba. Abubakar ya zama Garba ko Habu, Ibrahim ya zama Iro, Sulaimanu Sule, Idrisu Idi, Usmanu kuma Shehu saboda girmama Ɗanfodiyo. Sun gajarta, kuma ba su taɓa abin da bai kamata a taɓa ba.

Inda na fi so iyaye su buɗe ido shi ne wajen takardu. An sa wa yaro sunan kakansa, uwa tana alkunya, ana kiransa Abba ko Khalifa. Alkunya abu ne mai kyau, ba na so ta ɓace. Sai dai ranar da aka kai shi firamare a rubuta Khalifa, takardar haihuwa kuwa Abdullahi ke jiki, wajen yin NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, wani ya rubuta Abdul. Tun 2021 hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. Nan ne yaro ɗan shekara 17 zai fara zaryar kotu yana neman takardar rantsuwa, yana biyan kuɗin sanarwa a jarida, a kan abin da ba shi ya jawo ba. Ko gajeren sunan ma bai tsira ba idan yau an rubuta Isa, gobe Isah.

Saboda haka ɗan'uwa, kana da kwana bakwai, sun isa. Ka zauna da mai jego ku yi shawara, domin ita za ta fi kowa kiran sunan. Ka kai wa malamin da ya san Larabci ya faɗa maka ma'anarsa da wanda aka sani da shi. Sannan ka faɗa wa kakar yaron ta maimaita. Idan harshenta ya kasa ɗauka, ka tabbata wani sunan za ta laƙaba masa, kuma nata ne zai bi shi. Wanda kuka tsaya a kai, ka rubuta shi da hannunka harafi bayan harafi, shi za ka miƙa wa liman da safiyar suna, shi kuma za ka miƙa wa ma'aikacin Hukumar Ƙidaya ranar karɓar takardar haihuwa.