Mai mastas a tarihi da bai taɓa leƙa bayan ƙaramar hukumarsu ba

Kwanakin baya wani ƙanina da ke yin mastas a fannin tarihi ya turo min jerin batutuwan da 'yan ajinsu suka miƙa don a amince musu su fara bincike, wai in taya shi dubawa ko nasa ya yi. Na karanta har ƙasa na sake komowa sama, wallahi sai na ji kamar takardar hukumar zaɓe nake karantawa. Tarihin garin kaza daga 1903 zuwa 1960. Tarihin sarautar kaza a masarautar kaza. Gudummawar Alhaji wane ga ci gaban al'ummar kaza. Sauran kuma, waɗanda ke ganin su idonsu ya buɗe, sun yi tsalle can wani gefen: dangantakar Najeriya da Sin, rawar Majalisar Ɗinkin Duniya a rikicin ƙasa kaza, irin batun da mutum zai gama shi tsaf yana kwance kan katifa in dai yana da data da caji.

Tsakanin waɗannan tsibi biyu akwai wani ƙaton rami, kuma ni a ganina ainihin aikin mai digiri na biyu da na uku a cikin ramin nan yake. Mun raba tarihi gida biyu, na garinmu daban na duniya daban, kamar ba su taɓa haɗuwa a kasuwa ba.

To bari mu fara da abin da ke aljihun kowa. Kalmar kuɗi ɗin nan da muke faɗa safe da yamma asalinta jam'in wuri ne, shi ya sa har yau ake cewa wuri na gugar wuri ko a ce wane ba shi da ko wuri. To shi wurin daga ina? Ba a Kogin Kwara ake samunsa ba, ba a Tafkin Chadi ba. Daga tsibiran Maldibs yake fitowa, can cikin tekun Indiya, jiragen Turawa su kwaso shi su kai Turai, daga can a sake lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a sayi bayi da shi, daga baya manja, fatake su hauro da shi har Kurmi ta Kano. Da aka shiga tsakiyar ƙarni na 19 sai 'yan kasuwar Jamus na birnin Hambag suka gano wani irin wuri mai araha a wajajen Zanzibar suka riƙa jibgo shi, darajar wuri ta yi ta faɗuwa har ya zama ɗaukarsa ma aiki ne. Yanzu ka ce min ɗalibin da ke rubuta tarihin kasuwar garinsu a wancan zamanin, yana ta lissafin zambar kaza zambar kaza, bai san wannan ba, me ya rubuta kenan? Ya ga hayaƙi ya kwatanta shi da kyau, wutar kuwa tana wata nahiya.

Haka gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma su Turawan auduga suke kwaɗayi don masaƙun Lankasha, amma manoma da 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka duba farashi suka koma gyaɗa, saboda masana'antun Turai na neman mai don yin sabulu da man shafa a burodi. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta, rabin labarinta a Ingila yake.

Amma ni ba ma Turai ce ta fi damuna ba, maƙwabta ne. Ka ɗauki Katsina. Bayan jihadi sarakunan Katsina na da suka yi arewa suka kafa Maraɗi, aka yi ta gwabzawa tsakanin ɓangarorin biyu kusan ƙarni guda, har Ingila da Faransa suka zo suka ja layi a tsakani a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906. Layin nan da aka ja jiya-jiya shi ne yau ya zama katangar bincikenmu, ɗalibi ya zo Jibiya ya tsaya cak kamar tarihin ma sai ya nuna fasfo. Ko ka ɗauki Satiru, ƙauyen nan kusa da Sakkwato da ya tayar wa Turawa hankali a 1906, aka kashe jami'ansu, su kuma suka dawo suka share garin daga doron ƙasa. Ɗaya daga cikin jagororin tashin, Saibu Ɗan Makaho, daga ƙasar da Faransa ke riƙe da ita ya tsallako bayan an murƙushe wani boren a wajen Dosso. Ma'ana rabin shaidar tana cikin rahotannin Faransanci, wasu a Yamai, wasu a Dakar inda hedikwatar mulkin Faransa ta yankin take a lokacin, wasu a can Faransa. Wanda ba ya jin Faransanci da ido ɗaya zai kalli Satiru, ko ya so ko bai so ba.

In ka juya gabas ma haka. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, aka tare shi a Burmi a 1903 aka kashe shi, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, ga garin Mai Wurno nan har yau a bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, jikokinsu na jin Hausa da Fillanci. Mai Idris Aloma na Borno ya aika jakadu Istanbul, Sultan Murad na uku ya amsa masa a 1577, kuma kwafin amsar na cikin kundayen Daular Usmaniyya. A Bahiya ta ƙasar Barazil bayi Hausawa ne suka shirya tawaye a 1807, sannan a babban tawayen Musulmi na 1835, wanda Yarbawa suka fi yawa a ciki, an samu layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kama. Duk wannan tarihinmu ne, kuma duk tarihin duniya ne, a lokaci guda.

Abin haushin shi ne ba yau muka san haka ba, mantawa muka yi. A 1963 wani babban farfesan tarihi na Oksfod, Hugh Trevor-Roper, ya fito ya ce Afirka ba ta da wani tarihi sai na Turawan da suka shigo ta, sauran duhu ne. Masanan da aikinsu ya zama amsa gare shi, wasu tun kafin ya yi maganar suka fara, kuma ba da zagi suka ba shi amsar ba. Kenneth Dike ya tsaya kai da fata aka kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a 1954. Abdullahi Smith ya baro Ibadan ya zo Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, suka shiga gari-gari suna neman littattafan Larabci a hannun malamai, daga baya ya kafa Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna a 1970. Murray Last sai da ya koyi Larabci ya zauna gaban Waziri Junaidu a Sakkwato kafin ya rubuta komai a kan daular. Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa fataken goro har Gwanja da sauran ƙasashen yamma. Yusufu Bala Usman kuwa shi ko Barth, Bajamushen nan da ya zo ƙasar Hausa a 1851, bai ƙyale ba, sai da ya titsiye rubutunsa: wa ya gaya masa, a gidan wa ya sauka, me ya gani da idonsa me kuma aka ba shi labari. Ka lura, su ma garuruwa suka rubuta, Katsina ce, Sakkwato ce, amma ba wanda zai karanta su ya ce kifin rijiya ne ya yi aikin.

To me ya faru? Kada a bar jaki a daki taiki, ba laifin yaran ba ne kaɗai. Wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, sai bayan shekaru aka dawo da shi, don haka akwai zubin ɗalibai guda da suka iso jami'a ba su taɓa zama ajin tarihi na kirki ba. Sassan tarihi da dama da suka ga ɗalibai na gudu sai suka ƙara wa sunansu jela, aka koma tarihi da nazarin ƙasa da ƙasa, yaro ya shigo yana mafarkin zama ambasada. Ni ban ga laifin sunan ba tunda ya hana a rufe wasu sassan, amma suna ba ya koya wa mutum karatun tsohuwar wasiƙa. Ga yajin aiki da ke mayar da mastas ɗin shekara biyu ya zama huɗu, ga lakcara ɗaya da ɗalibai rututu a wuyansa, ga hanya ba lafiya, ga kuɗin mota. Wanda ke koyarwa a makarantar kuɗi ana biyansa abin da bai kai cefanen wata ba, ka ce ya tafi Dakar ko Landan duba fayil, ai dariya zai yi maka kuma yana da gaskiya.

Akwai kuma hujjar da na fi girmamawa, wadda wani dattijon malami ya taɓa ba ni da muka yi wannan musun. Ya ce ɗana, tsofaffi mutuwa suke yi, takardun da ke cikin tukwane da akwatunan gidajen malamai gara na cinyewa, in yaran nan ba su rubuta garuruwansu ba wa zai rubuta, Bature? Wannan gaskiya ce ba ja. Ba cewa nake a daina rubuta tarihin ƙauye ba, ni ma ɗan ƙauye ne. Cewa nake mai digiri na biyu ya bambanta da marokin fada. Jerin sunayen hakimai da shekarun da kowa ya yi, da babin da ke cewa garin na da ƙasar noma mai albarka kuma mutanensa masu son baƙi ne, wannan duk mai shagon buga takardu a bakin get ya haddace shi, sunan gari kawai yake canzawa. Bincike yana farawa ne a inda ka tambayi dalili, kuma dalili ba ya tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma. Me ya sa kasuwar ta mutu a shekara kaza? Sau da yawa amsar ita ce an gina titi ko layin dogo ta wani wajen, ko farashi ya faɗi a wata ƙasa, ko annoba ta zo, kamar marisuwa, muguwar murar nan ta 1918 da ta sauka Legas ta jirgin ruwa ta biyo layin dogo ta hauro arewa.

Su kuma 'yan ɓangaren ƙasa da ƙasa, Allah ya ba su haƙuri, nasu ya fi ba ni tsoro. Mutum zai rubuta shafi ɗari biyu a kan Sin da Afirka bai san harafi ɗaya na Sinanci ba, bai buɗe fayil ɗaya na gwamnati ba, bai yi hira da ko ɗan kasuwa ɗaya na Kantin Kwari da ke zuwa Gwangzu ba, alhali ga su nan a gari. Rahoton jarida ne ake haɗawa a yi masa bango mai kauri. Mai tarihin ƙauye aƙalla ya zauna kan tabarma da wani tsoho.

Abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran kasafin kuɗi ba shi ne harshe. A manyan jami'o'in duniya ba a barin ɗalibin digirin digirgir a tarihi ya wuce sai ya ci jarrabawar karanta harshen da bincikensa ke buƙata, wani lokacin ma biyu. Mu nan muna da gatan da ba mu san darajarsa ba: ɗalibanmu da yawa sun yi allo sun yi Islamiyya, idonsu ya saba da baƙin Larabci, ajami ba zai ɗauke su wata uku ba, kuma sashen Larabci da na Faransanci suna nan a tsangaya ɗaya, wani lokacin bene ɗaya ne ya raba su da sashen tarihi. A wajabta kawai. Kafin a amince da batunka ka kawo shaidar kana iya karanta wasiƙar Larabci ko rahoton Faransanci, ko da ƙamus a gefe. Wasu za su gudu, su gudu. Sannan Yamai ba Landan ba ce, mota ce ke zuwa, akwai cibiyar binciken da masanin tarihin Nijar Boubou Hama ya raya a can mai tarin tsofaffin rubuce-rubuce, kuma malamansu irin su Djibo Hamani sun yi aiki mai zurfi a kan Adar da Azbin wanda ɗalibanmu ko sunansa ba su ji ba, su ma nasu ɗaliban ba kasafai suke leƙo ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna ba. Hausa ɗaya muke ji, harshen Bature ne ya shiga tsakani.

Shi dai ƙanin nawa batunsa sana'ar jima ce a garinsu. Na ce masa madalla, to fatun in an jeme ina suke zuwa? Ya ce Kano. Daga Kano fa? Ya yi shiru. Na gaya masa fatar jar akuyar nan tamu, wadda a tsallaken iyaka ake kira akuyar Maraɗi, ayari ne ke keta Sahara da ita, har a Turai a yi bangon littafi da ita ana ce mata fatar Maroko, sunan masu kiwon da masu jimar ya ɓace a hanya. Na ji muryarsa ta canza, ya ce Yaya wannan ai shi ne babin da ba ni da shi. Bayan sati biyu ya sake kirana, ya ce ya kai wa malamin da ke duba shi, malam ya ce abu ya yi kyau amma ya fita daga iyakar batun da aka amince masa, ya bari sai in ya zo digiri na uku, yanzu dai ya gama ya karɓi takardarsa tunda kuɗin makaranta na ƙara hawa.