Ƙannena masu koyon kodin, ku daina gudun Vim tun ranar farko

Assalamu alaikum. Da ku nake ƙannena masu koyon kodin a nan Katsina, ko kana UMYU ne ko Hassan Usman Poly ko Al-Qalam, ko kai kaɗai kake fama a ɗaki da datar dare. Akwai abin da nake gani yana damuna, yaro zai buɗe Vim, wato manhajar rubuta kod da gyara fayil a cikin taminal, ya danna haruffa yaga basu fito ba, can kuma layi guda ya ɓace, ya nemi hanyar fita ya rasa, sai kawai ya rufe taminal ɗin gaba ɗaya yace ai wannan kayan wahala ne, shikenan an rabu kenan. Haba ƙanena, tun ba'a je ko'ina ba?

Ba kai kaɗai ka taɓa maƙalewa ba wallahi. Tambayar yadda ake fita daga Vim a Stack Overflow, shafin tambayoyin masu kodin, tun 2017 an duba ta sama da sau miliyan ɗaya. Abin da ba'a gaya maka ba shine in ka buɗe shi ba rubutu yake jira ba, umarni yake jira, kowane harafi ka taɓa aiki ka sa shi. Ka danna i ka fara rubutu, ka danna Esc ka dawo wajen bada umarni, :wq ya ajiye ya fita, :q! ya fita bai ajiye komai ba, u kuma ya maido abin da ka ɓata. Wannan kaɗai ya isheka a satin farko.

Kuma ba don mugunta aka yi shi haka ba. Bill Joy ya rubuta vi, wanda Vim ya samo asali daga gare shi, a 1976 a jami'ar Berkeley ta Amurka, lokacin babu maus a gabanshi, layin da yake haɗawa da kwamfutar kuma tafiyar hawainiya yake, dole kowane dannawa ya zama mai amfani. Na'urar da yake aiki da ita ADM-3A a kan h j k l aka zana kibiyoyi, shi yasa har yau da su ake yawo cikin fayil. To ku duba halin da muke ciki mana, netwok na zuwa na ɗaukewa, laftof ɗin mafi yawanmu 'yar gwanjo ce mai RAM 4GB, ka buɗe VS Code da Chrome tare fanka ta fara kuka batir na zuba ga wuta ba tabbas. Ranar da aka baka aiki kan sabar Linux ka shiga ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa ta taminal, babu wani maus da zai ceceka, vi ko ɗan'uwanshi zaka tarar a can kusan ko da yaushe, kuma mai aikin yana jiranka.

Daɗin abin sai ka gane umarnin haɗa su ake. d sharewa ne, w kalma, to dw ya share kalma ɗaya, d3w ya share uku. Ace kana da print("sannu") kana so ka canza abin da ke ciki, ka kai kan kalmar ka danna ci" sai sannu ta ɓace ya barka a tsakanin alamomin kana rubuta sabuwa, ba jan maus ba saiti. In kana son maimaita gyaran a wani layin ɗigo kawai zaka danna. Da farko zaka riƙa tsayawa kana tunani kafin kowane dannawa, aikin minti biyar ya ci maka ashirin, ranka ya ɓaci, kamar dai yaron tela ne a kan keken ɗinki, ƙafa na nata hannu na nashi zare na tsinkewa, bayan ɗan lokaci kuma yana ɗinki yana hira. A wannan gaɓar ce kuke zubewa, kuma ita ce bata daɗewa.

Sai ɗaya ɓangaren, masu zuwa YouTube su kwafo saitin Neovim, wani reshe na Vim, na wani bature mai fulogin (ƙarin kayan aiki) hamsin, allo yayi kyau a ɗauki hoto a sa a status, amma ranar da abu ɗaya ya lalace basu san ina zasu taɓa ba. Don Allah ku bari. Ka rubuta vimtutor a taminal, darasi ne da yazo tare da shi, kamar rabin awa yake ci, kayi shi ka sake yi, sannan kullum ka gyara ƙaramin fayil da shi. Kar ka ce daren da zaka miƙa furojet ne zaka koya, wannan daren ka riƙe abin da ka iya. In rabuwa da VS Code ne matsalar akwai ƙarin Vim da ake sa mishi, ka koya a ciki.

Wanda kuma Allah yasa ya iya, ban da raina mai amfani da nano ko jan faɗa da 'yan Emacs, su ma manhajojin gyara fayil ne, wannan rigimar ta girme mu duka. Bram Moolenaar da ya fitar da Vim a 1991 kyauta ya bada shi har ya rasu a 2023, roƙonshi kawai a taimaki yara mabuƙata a Yuganda. Ka zaunar da na ƙasa da kai ka nuna mishi Esc. Wanda bashi da laftof ma ya sa manhajar taminal ta Termux a wayarshi ta Android ya rubuta pkg install vim, akwai maɓallin Esc a saman kibod ɗin, ya fara daga nan kafin Allah ya hore.