Ɗaliban lauya a kotunan ƙabilun asalin Amurka

Aikin da ɗaliban Jami'ar Washington ke yi na kare marasa galihu a kotun ƙabilar Tulalip da ke jihar Washington yana cike babban giɓi. Dokar tarayya ta 1968 kan haƙƙin jama'a a kotunan ƙabilu ta bar wanda ake tuhuma ya nemi lauya da kuɗinsa. Sai a 2010 aka wajabta ba shi lauya kyauta, shi ma in ɗaurin zai haura shekara ɗaya. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne jawo dokar jiha, alhali kundin ƙabilar ke aiki. Su fara da hurumin kotun: wanda ake tuhuma ɗan ƙabila ne, kuma a filin ƙabilar abin ya faru? Kada su bar shi ya amsa laifin dukan iyali don ɗokin komawa gida, domin tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Bryant a 2016, kotun tarayya na iya lissafa masa shi a matsayin tsohon laifi in an sake tuhumarsa a gaba.