Faifan fashewa ba kayan tsohon yayi ba ne

Tun da ƙirƙirarriyar basira ta zama abin yayi, da wuya a tashi taron masana'antu ba a ji wani ya miƙe yana alkawarin cewa nan gaba kaɗan kwamfuta ce za ta riƙa hango haɗari kafin ya auku ba. Masu sayar da na'urorin sa ido sun cika ko'ina, kowa na cewa tasa tana jin motsin matsi a cikin tanki tun kafin ma'aikaci ya ankara. Ba ni da ja a kan amfaninsu. Abin da ke ɓata mini rai shi ne maganar da ke biyo baya, wadda yanzu ake faɗa gatsal: wai faifan fashewa da bawul ɗin kariya kayan jiya ne, masana'antar da ta wadata da na'urori za ta iya sassauta dogaro da su. Ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASME, wadda ƙasashe da yawa ke bi wajen ƙera tankunan matsi, ta daɗe da yarda a kare tanki ta hanyar tsarin aiki da na'urori a wasu yanayi, bisa sharuɗɗa masu tsauri. Masu neman rage kashe kuɗi so suke a riƙe izinin a manta da sharuɗɗan.

Faifan fashewa siririn ƙarfe ne mai ɗan doro, ana matse shi tsakanin zobba biyu a bakin bututun da ke fita daga tanki. Da gangan aka ƙera shi ya zama wuri mafi rauni a jikin tankin baki ɗaya. Da zarar matsi ya kai adadin da aka buga masa, sai ya yage kafin ƙiftawar ido, abin da ke ciki ya samu hanya, bangon tanki ya tsira. Aikinsa irin na fiyus ne a layin wuta: shi ya mutu don sauran su rayu. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya jiran umarnin kowa, ba shi da sifirin da tsatsa za ta cije, kuma babu mai iya shiga ta intanet ya sauya masa lissafi. Wannan na ƙarshe ba tsoron banza ba ne. A 2017 an gano manhajar kutse da aka yi wa laƙabi da Triton a wata masana'antar sinadaran man fetur a Saudiyya, an rubuta ta ne musamman don ta shiga kwamfutocin da aka ɗora wa alhakin kashe injina idan haɗari ya taso. Wato ainihin abin da ake ce mana mu miƙa wa amanar rayukan ma'aikata. Ko kamfanin SpaceX, wanda babu mai zarginsa da tsoron sabuwar fasaha, bayan kumbonsa na Crew Dragon ya tarwatse a wurin gwaji a watan Afrilun 2019, cire wasu bawuloli ya yi ya maye gurbinsu da faifan fashewa.

Sauƙin da ake gani a fuskar faifan shi ke yaudarar mutane, har su ɗauka kowane ma ya yi. Iri biyu suka fi yawa. Akwai wanda matsi ke tura shi ta cikin doronsa, yana miƙa ƙarfen har ya yage. Na asalin wannan iri ba a son a riƙa aiki da shi sama da kashi 70 cikin 100 na adadin fashewarsa, domin hawa da saukar matsi suna gajiyar da ƙarfe, wata rana sai ya buɗe ba gaira ba dalili. Akwai kuma wanda aka juya doronsa ya fuskanci matsin. Shi ba miƙewa yake yi ba, dannuwa yake har doron ya kife ya koma ɗaya gefen, ya tsage a kan layukan da aka zana masa tun wurin ƙira. Wannan yana jure aiki har kashi 90, wasu ma 95, kuma ba ya watsa gutsattsarin ƙarfe cikin bututu. Ƙa'idar ASME ta yarda faifai ya kauce wa adadinsa da kashi 5 cikin 100 kawai, sama ko ƙasa, idan adadin ya wuce psi 40 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne). Abu ne da ake aunawa da tsantseni.

Amma adadin nan tafe yake da zafin da aka ƙayyade masa. Ƙarfe yana laushi idan ya ɗau zafi. Faifan da aka saya da zaton zai zauna a digiri 200, idan aka ɗora shi a ƙarshen dogon bututu inda zafi ba ya wuce digiri 40, zai yi taurin kai, ya zarce adadinsa kafin ya buɗe. Sannan faifai bai san matsin da ke cikin tanki ba. Bambancin da ke tsakanin gabansa da bayansa kaɗai ya sani. Sau da yawa akan sa shi a ƙarƙashin bawul don ya kare bawul ɗin daga sinadari mai cin ƙarfe. To idan ɗan ƙaramin huji ya fito a jikinsa, iskar gas za ta riƙa silalewa ta taru a tsakaninsu, har matsin baya ya yi daidai da na gaba. A wannan hali matsin tanki na iya kusan ninka adadin da aka buga, faifai yana zaune bai motsa ba. Shi ya sa ƙa'ida ta wajabta a sa ma'auni ko abin gargaɗi a wannan ɗan fili. Ma'aunin yana nan a masana'antu da yawa. Mai duba shi ne babu. Ƙara da wanda zai ɗora faifan a kife, da wanda zai danna doron da yatsa ya lotsa shi, da wanda zai ɗaure notuna wani ya fi wani ƙarfi.

Na san abin da masu tallar na'urori za su ce: ga shi da bakinka ka lissafa hanyoyin da faifai ke cin amana. Ai babu ko ɗaya a cikinsu da yake laifin ƙarfe. Duk sakacin mutum ne, kuma mutumin nan da ya kasa duba ma'auni ɗaya shi ne za a danƙa wa na'urori ɗari ya riƙa daidaitawa, shi ne zai kashe ƙararrawa idan ta dame shi da tsakar dare.

Babban kuskuren da nake so a tsaya a kai ya fi waɗannan duka girma, kuma masu ilimi ne ke yin sa. Shi ne tunanin cewa tunda tanki yana iya ɗaukar matsi kaza, to a sa faifai kusa da nan, shi ke nan an cika ƙa'ida. Ga tankin da ke ajiye iska ko tururi, wannan lissafi yana iya wucewa. Ga tukunyar da ake haɗa sinadarai masu fitar da zafi, hanyar kabari ce. A ranar 19 ga Disamban 2007, a birnin Jacksonville na jihar Florida, tukunyar kamfanin T2 Laboratories ta fashe ta kashe mutum 4, ta jikkata 32, akasarinsu ma'aikatan maƙwabtan kamfanoni ne da ba ruwansu da abin da ake dafawa. Wani sinadarin da ake zuba wa fetur suke yi. Ruwan sanyaya tukunyar ya ƙi zuwa, zafi ya yi ta hawa. Akwai faifan fashewa a kanta, an sa shi a psi 400, kuma ya fashe. Daƙiƙoƙi kaɗan bayan haka tukunyar ta tarwatse, an tsinci ɓaraguzanta kusan mil guda daga wurin.

Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka, CSB, ta gano cewa haɗuwar sinadarai iri biyu ce ke cikin tukunyar. Ta farko masu kamfanin sun san da ita. Ta biyu, wadda ke tashi idan zafi ya ƙara hawa, ba su san da ita ba, kuma ita ce ba ta da linzami. Kafin matsi ya kai 400, ta biyun ta riga ta kama, a lokacin babu girman bututun da zai iya fitar da abin da take haifarwa. Hukumar ta ce da an sa faifan a psi 75, mai yiwuwa da ya buɗe tun a matakin farko, tukunyar ta amayar da kayanta, ta biyun ba ta samu damar tashi ba. Faifai iri ɗaya, ƙarfe iri ɗaya, adadi ne kawai ya bambanta. Kowane ɗalibin sinadarai ya san cewa ƙarin digiri 10 na zafi kan kusan ninka saurin haɗuwar sinadarai da yawa. Duk daƙiƙar da faifai ya jinkirta, abin da zai fitar ƙaruwa yake, ba a tsaye yake ba. Saboda haka adadin faifai daga halin sinadarin ya kamata ya fito, ba daga kaurin bangon tanki ba.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1976 manyan kamfanonin sinadarai suka haɗu a ƙarƙashin ƙungiyar injiniyoyin sinadarai ta Amurka suka kafa cibiyar DIERS don nazarin wannan matsala. Sun nuna cewa idan tukunya ta ƙwace, ba tururi zalla ke fita ba: ruwa da kumfa da gas ne a cakuɗe, suna shaƙe bututu, ta yadda ƙofar da aka auna don tururi kaɗai za ta yi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Hanyoyin gwajin suna nan, ana iya yin su da ɗan samfur a ɗakin bincike. Wace kwamfuta ce za ta yi wa T2 gargaɗi a kan haɗuwar da babu wanda ya gwada balle ya shigar mata? Na'ura tana sa ido ne a kan haɗarin da aka gaya mata. Faifan da aka sa a ƙasa-ƙasa yana buɗewa ko an san dalili ko ba a sani ba.

Akwai masu kawo haɗurran garuruwan Seveso da Bhopal a matsayin hujjar cewa sakin matsi shi kansa bala'i ne. Su ma sun karanta labarin rabi. A ranar 10 ga Yulin 1976, faifan wata tukunya a masana'antar ICMESA da ke kusa da Seveso a arewacin Italiya ya fashe yadda aka tsara. Tukunyar ta tsira. Amma bututun kai tsaye ya nufi sararin sama, babu tankin tarba a bayansa, sai gajimaren da ke ɗauke da gubar dayoksin ya sauka a kan garuruwa. An kwashe sama da mutum 700 daga gidajensu, yara sun kamu da ciwon fata, an hallaka dubun-dubatar dabbobi. An gudu ba a tsira ba. Daga nan ne Turai ta samu dokar Seveso, ta kare aukuwar manyan haɗurran masana'antu, a 1982. A Bhopal ta Indiya, daren 2 wayewar 3 ga Disamban 1984, ruwa ya shiga tankin da ke ɗauke da kusan tan 40 na guba, faifai da bawul suka buɗe. Na'urar da za ta wanke iskar ba ta yi aikinta ba, hasumiyar da za ta ƙona ta a kashe take, injin sanyaya tankin an daɗe da tsayar da shi. Dubban mutane suka mutu. Darasin da ke ciki ba wai a toshe ƙofa ba ne. Wanda ya zaɓi faifai bai tambayi inda abin zai sauka ba, bai gama aikin da aka ba shi ba.

Sai kuma ƙorafin manajoji, cewa faifai idan ya fashe ba ya rufuwa, kaya su zube, aiki ya tsaya, a yi asara. Haka ne, kuma asarar ba ta kai ta gawa ɗaya ba. Abin takaici shi ne yadda wannan ƙorafi ke komawa aiki. Faifai ya fashe sau biyu, maimakon a tambayi me ke faruwa a cikin tanki, sai a aika a kawo mai adadi mafi girma. Wasu su jera biyu a zobe ɗaya. Wasu su rufe bawul ɗin da ke tsakanin tanki da faifai, da niyyar za a buɗe daga baya. A watan Yunin 2008, a masana'antar Goodyear da ke Houston, an rufe irin wannan bawul don a sauya faifan da ya fashe. An sauya faifan, ba a buɗe bawul ɗin ba. Washegari aka tura tururi don wanke bututu, sinadarin amoniya ya ɗau zafi ya rasa mafita, na'urar da yake ciki ta fashe ta kashe mutum guda da ke wucewa ta wurin. Sabon faifai garau yana zaune a bayan rufaffiyar ƙofa. A 2013 a Geismar ta jihar Louisiana, wata na'urar dumama da aka raba da hanyar sakin matsinta ta fashe a kamfanin Williams Olefins, mutum 2 suka mutu, 167 suka jikkata.

Duk wanda ya sa hannu aka ɗaga adadin faifai don kawai kada aiki ya tsaya, ya san abin da yake yi, kuma bai kamata a kira abin da zai biyo baya haɗari ba. Faifan da ya fashe shaida ce da tanki ya bayar, ya kamata a rubuta ta a bincike ta kamar yadda za a bincika gobara. Kada a haɗa wani sinadari a tukunya sai an gwada halinsa har inda ya ƙwace. Bawul ɗin da ke gaban faifai a bar shi a buɗe a sa masa kwaɗo, mabuɗin a hannun mutum ɗaya da za a iya kama sunansa. Masu na'urori kuwa su kawo kayansu, a ɗora su a kan faifan, su riƙa sanar da ɗakin kula idan ya yage ko idan matsi ya taru a bayansa. Nan ne wurinsu, kuma duk hukumar da ta bari aka cire faifai da sunan zamani ta shirya amsa tambayoyin iyalan ma'aikata.