Karatun haɗa gem ba zaman buga gem ba ne

Idan yaro ya ce wa mahaifinsa yana son karanta haɗa gem da katun a jami'a, abin da ke fara faɗo wa Baba a rai shi ne shagon PlayStation na unguwa, inda samari ke wuni suna ihu a kan ƙwallo. Sai ka ji an ce, "Kai dai wasa kake so, je ka nemi likitanci."

Mai buga gem daban, mai ƙera ta daban. Ɗan wasan da ya yi tsalle a allo ya dawo ƙasa, lissafi ne ya dawo da shi: wani ya rubuta wa kwamfuta gudunsa da nauyinsa da kusurwar da zai faɗo. Shi ya sa ɗalibin wannan fanni ke kwana kan lissafi da fizis da rubuta manhaja. A manhajojin haɗa gem, da yaren kwamfuta na C# ake aiki a Unity, a Unreal kuma C++.

Katun kuwa haƙuri yake ci. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, wato 1,440 a minti guda. Ko wanda ya rage zuwa zane 12 a daƙiƙa, sai ya yi 720 kafin minti ya cika.

Yaron Kano zai iya shiga ta ƙofar kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero, ya riƙa koyon Blender, manhajar haɗa katun, a gida, tunda kyauta ce. Abin da zai fi ba Baba ciwon kai, a ganina, kuɗin kwamfuta mai ƙarfi ne, sai kuma wuta.