Reshen shagona da aka ƙwace a wata duniya

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dicko Dankoulodo shi ya jawo mini wannan rigima. Ya zo shagona a babbar kasuwa da kwamfutarsa, ya ce akwai wani wasa mai suna Stellaris na kamfanin Paradox da ke Suwidin, tun 2016 ake buga shi. Mutum ya kafa daula a sararin samaniya, ya yi ta mamaye taurari. Na ce ni ba basarake ba ne, atamfa nake sayarwa.

"Ai shi ya sa na zo, Kawu. A 2018 sun ƙara masa wani sashe, MegaCorp. Ƙasarka duka kamfani ce, riba kawai ake nema."

Na gyara zama. A Maraɗi za a koya wa mutum neman riba?

Wasan ya fara a shekarar 2200. Na zaɓi wasu halittu masu kan ƙadangare, don na ga shugabansu da kwarjini. Sai yaron ya ce kuɗinsu ba sefa ba ne, wutar lantarki ce. Na ce to a watan Afrilu duk unguwarmu sai zakka.

Kasuwarsu ce ta fara ɓata mini rai. Na je sayen ma'adinai, na ga la'ada kashi 30 cikin ɗari. Talatin! Wane dillali ne wannan, ba ya tsoron Allah? Na ce wa yaron ya taya rabi. Ya ce ba a tayi. Ba "albarka", ba "ƙara dai", ba sallamawa. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk sanda na ƙara saye, farashi sai ya hau. Tun kakanninmu mai sari ake yi wa ragi. A can kuwa, in ka saya da yawa hukunta ka ake yi.

Da fatake suka ratso ta ƙasata sai na ji sanyi, na ce ga 'yan'uwa. Ashe a zangonsu har na'urar caca gare su. Na ce a'uzubillahi. Amma suna sayar da wani akwati a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, kuma yaron ya rantse mini wannan ba caca ba ce. Abin da ya fito daga ciki, kada mu tsaya a kansa.

Daga baya kasuwa ta buɗe. Wani maƙwabci mai kan tsuntsu ya yarda muka ƙulla yarjejeniyar ciniki, na buɗe reshe a duniyarsa, kuɗi suka fara shigowa kowane wata. Har na fara yi wa yaron nasiha a kan haƙuri. Maƙwabci na biyu kuwa, na ce a kai masa gaisuwa da ɗan abin goro. Yaron ya ce waɗannan ba sa karɓar baƙi, aikinsu kashe duk wanda ba jinsinsu ba. Na ce ba wanda goro ba ya saukarwa.

Aka kira la'asar, muka tashi. Ba wanda ya danna maɓallin dakatarwa. Kafin mu dawo shekaru sun shuɗe, marasa cin goron sun cinye mai kan tsuntsu har da reshena, jiragensu na ruwan wuta a babban birnina.

"Innalillahi! Sun ƙwace mini reshe, dukiyata ta tafi!"

Ban lura da wata Hajiya da ke duba leshi a bakin shago ba. Ta ajiye leshin a hankali, ta ce Allah ya mayar da alheri, ta wuce.

Kafin magariba maƙwabta sun fara shigowa jaje. Wani ya tambaya ko a hanyar Ɗan Issa aka tare kayan. Mai shayi ya ce in bar kuɗin yau. Ina cikin bayanin masu kan ƙadangare sai waya ta yi ƙara: mutumin da nake sarin atamfa a wurinsa ne daga Kantin Kwari a Kano. Ya jajanta mini sosai, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce cikon kuɗinsa fa, yana so kafin Juma'a.